Manaja da Filin Gida Takwas

Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Sharfaddeen ya miƙe tsaye a taron masu gidaje, ya gyara zaman hularsa, ya ce zai sayi filin tsakiya.

Gida Takwas ake kiran wurin, a gefen garin Gaya ta hanyar Balan. Wata ƙungiyar malaman makaranta ce ta gina gidajen shekarun baya, huɗu suna kallon huɗu, daga baya aka sayar wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Kowa da takardar gidansa, amma filin da ke tsakani, taku arba'in a tsaye, taku talatin a kwance, na su takwas ɗin ne gaba ɗaya, babu wanda zai nuna wuri ya ce nan ne nasa. A ciki akwai bishiyar darbejiya, da igiyoyin shanya, da tankin ruwa wanda injinsa ya shekara biyu da mutuwa.

Sharfaddeen, mai gida na shida, tsohon mai kula da sito ne a wani ofis. Ya taɓa zuwa Abuja bita ta kwana uku, kuma tun daga lokacin duk maganar da zai yi sai ta biyo ta can. Shi ya raɗa wa kansa suna Manaja, tun yana kiwon zuma, kafin ƙudan su yi ƙaura zuwa cikin lasifikar masallaci.

Malam Da'u, shugaban masu gidajen, ya buɗe ido daga gyangyaɗi ya tambaye shi me zai yi da filin.

"Wurin taron biki, Malam. Rumfa, kujeru ɗari uku, fitilu masu canza launi. Ku fili kuke gani, ni kuɗi nake gani a kwance, akuya tana taka su."

Sakatariyar ƙungiyar, Malama Halima Sadiya, mai koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, ta buɗe fayil ɗinta ba tare da gaggawa ba. Ta ce ƙa'idar da suka sa wa hannu ta hana sayar da filin. Ana dai iya bayar da shi haya, iyaka shekara biyar, in har sauran mutum bakwai sun sa hannu, babu ko ɗaya da ya ƙi. Wanda kuma yake da sharaɗi, ya rubuta shi a bayan takardar hayar, sharaɗin ya zama doka a kan mai haya.

Sharfaddeen ya yi dariya. Ya ce a Abuja ya ga an sa wa mutum ɗari hannu a takarda kafin shayi ya huce. A ba shi kwana biyu.

Ya fara da Gwaggo Hure, tsohuwar gida na ɗaya, mai awaki biyar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi inda awakin za su koma.

Ya rage murya. "Gwaggo, ki bar awakinki inda suke. Amma ke kaɗai na yi wa wannan alfarmar, kada kowa ya ji."

Gwaggo Hure 'yar gidan malamai ce, ba ta yi boko ba, amma hannunta a ajami kamar an buga a inji. Ta karɓi biro ta zauna a kan turmi ta yi ta rubutu, layi ɗaya, layi biyu, har layi shida. Da ta miƙo masa ta ce ko ta karanta masa, ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya gyaɗa kai, ya ce ya gani, ya gani, ajami ai tun yana yaro ya wuce wurin.

Hanne, mai ƙuli-ƙuli ta gida na uku, ta ce ita ba ta da matsala, sai dai shanyar gyaɗa in kaka ta yi. Ya ce gyaɗa ai ado ce, ta rubuta, amma ita kaɗai. Musbahu mai adaidaita sahu ya ce hanyar da zai shigo da kekensa har ƙofa, da wurin juyawa, da wankin ranar Asabar. Sharfaddeen ya ce wannan ba magana ba ce, ya rubuta, amma tsakaninsu. Fatsuma mai wankau ta riƙe igiyoyin shanya uku. Malam Da'u ya ce shi bishiyarsa kawai yake so da inuwarta, ya rubuta da ɗan ƙaramin rubutu irin na tsofaffin malamai. Kowa da aka gaya wa shi kaɗai ne, sai ya ji kunyar ya roƙi kaɗan, ya saki hannu.

Kadijatu ta gida na biyu ta ce tankin nan sadakar marigayi mijinta ne, duk wanda ya zo ɗiban ruwa daga unguwa ba za a hana shi ba.

A nan Sharfaddeen har da tafa hannu. Tankin da ko tsaka ta daina shiga? Ya ce ta rubuta duk mutanen Gaya, in ta ga dama ta haɗa da na Wudil.

Ranar Alhamis da hantsi ya ajiye takardar a gaban Malama Halima Sadiya. Ta juya bayanta, ta daɗe tana dubawa, ta ɗauko fensir ta yi ɗan lissafi a gefen jarida.

"Manaja, ka karanta bayan takardar nan?"

"Malama, na yi shekara talatin ina cin fayil. Wannan ko loma ba ta kai ba."

Ta sake tambaya. Ya ce mata ita fa malamar aji ce, harkar manyan kadarori daban take. Ta tambaya a karo na uku, ya duba agogo. Sai ta sa hannu, ita ba ta rubuta sharaɗin komai ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya biya hayar shekara biyar a dunƙule, wai don a san da wa ake magana. Kafin mako ya zagayo ƙungiya ta yi abin da ta daɗe tana son yi da kuɗi in sun samu: ta sayi sabon injin tanki.

A gida, matarsa Maimuna ta roƙe shi abu ɗaya tak. Ta ce ya yi duk abin da zai yi, amma kada ya kai maganar nan Ajingi. Yayanta Alhaji Haruna, dillalin hatsi a can, yana shirin aurar da 'yarsa Khaula, kuma har yau dangi ba su gama yi mata dariyar zuma ba.

Ranar kasuwar Ajingi Sharfaddeen ya hau bas.

Ya sami Alhaji Haruna a rumfarsa tsakanin buhunan gero. Bayan gaisuwa ya tambayi inda za a yi kamun amarya. Alhaji ya ce sun kama wani ɗakin taro, dangin ango daga Kano za su zo, ba ya son abin magana. Sharfaddeen ya kama baki. Ɗakin taron haya, alhali mijin ƙanwarsa yana da nasa? Ya zana masa wurin a ƙasa da tsinke: nan amarya, nan manyan baƙi, nan wurin ajiye motoci, nan kuma, in Allah ya kai mu baɗi, bene.

"Sharfaddeen," in ji Alhaji Haruna, "wannan abin yana nan, ko yana cikin kanka?"

"Yaya, da takarda. Mutum bakwai suka sa hannu. Kyauta zan yi wa Khaula, ita za ta buɗe wurin."

Kalmar kyauta ta yi aikinta. Aka fasa ɗakin taro, aka buga kati ɗari biyu ɗauke da sunan Dandalin Biki na Manaja, Reshen Gaya. Da Maimuna ta ga katin ta tambaye shi ina sauran rassan suke, ya ce suna tafe. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado.

Saura mako biyu ya kawo magini aka dama siminti aka shafe tsakiyar filin, inda amarya za ta zauna. Ya hana kowa kusantar wurin, ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo Musbahu ya shigo cin abinci, ya ratsa ta kai, ya juya, ya sake ratsawa. Awakin Gwaggo suka bi sawun taya ɗaya bayan ɗaya. Sharfaddeen ya tsaya a kan aikin yana huci, sai ga Malam Da'u ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Nan take Manaja ya ce ai zane ne, haka ake yi yanzu, a Abuja sai an biya kuɗi mai yawa ake samun irinsa.

Allon sunan wurin ya kwana biyu a tsaye, Fatsuma ta ɗaura igiya a jikinsa, ranar da ta shanya barguna ya kwanta. Furannin takarda da ya sayo daga Kano ya jera ranar Juma'a da yamma don ya ga yadda za su yi, bunsurun Gwaggo ya ga yadda suka yi kafin shi. Malama Halima Sadiya ta tare shi a bakin ƙofa ta ce tana da minti goma, ko su zauna su karanta takardar nan. Ya ce mata ranar biki kowa zai kama kansa, shi ya san yadda ake tafiyar da jama'a.

Asabar, takwas ga Nuwamba, motar kujeru da rumfuna ta iso ƙarfe goma na safe, ta tsaya a bakin get domin babu inda za ta shiga.

Hanne ta shimfiɗa tamfol shida, gyaɗar da aka kawo mata daga Balan tana kwance a rana, ita tana zaune da doguwar sanda tana korar kaji. Igiyoyin Fatsuma uku sun ratsa filin daga wannan bango zuwa wancan, zannuwan gado suna kaɗawa. Musbahu ya cire riga, ya kunna rediyo, yana wanke kekensa, kumfa tana gangarowa kan zanen Abuja. Daga bakin tanki kuwa har waje layin 'yan garuwa ne da kurarsu, da mata da bokitai, domin labari ya zaga unguwa cewa ruwan Gida Takwas ya dawo, kuma kyauta ne.

Sharfaddeen ya fito cikin farar shadda, babbar riga da aiki har ciki. Ya nufi Hanne ya ce ta kwashe.

"In kwashe in kai ina, Manaja? Ai ni kaɗai ka yi wa alfarma."

Fatsuma ta leƙo ta tsakanin zannuwa. "Ke kaɗai kamar yaya? Ni ce ni kaɗai."

Musbahu ya kashe rediyo. Ya ce shi dai an ce masa tsakaninsu. Gwaggo Hure daga bakin ƙofarta ta ce to ashe su ke nan 'yan kaɗai-kaɗai sun yi yawa. Dariya ta tashi daga layin ruwa, ta bi layin har waje, waɗanda ba su ji abin da aka ce ba su ma suka taya.

Sharfaddeen ya koma kan 'yan garuwa, ya ce duk wanda bai fita ba zai gamu da hukuma. Wani dattijo a cikinsu ya ce su an gaya musu Manaja ne ma ya sayi injin, sun zo ne har da niyyar yi masa godiya. Suka ɗaga hannu suka yi masa addu'a, Allah ya ƙara arziki, ya ce amin don dole, layin bai motsa ba.

Masu kujeru suka gaji suka sauke kayansu a kan titi. Manaja ya sa aka kafa rumfa ɗaya a gindin darbejiya, Malam Da'u ya ɗago daga tabarmarsa ya ce a yi haƙuri, nan inuwa ce. Aka matsa da ita gaba. Bayan awa ɗaya Malam Da'u ya jawo tabarmarsa ya iso su, ya ce a ƙara haƙuri, inuwar ta taho.

Ƙarfe biyu da rabi bas uku suka iso daga Ajingi, mata cikin anko ruwan goro, da kuloli, da masu kiɗan ƙwarya. Bayansu motoci biyu na dangin ango daga Kano. Amarya Khaula tana cikin motar mahaifinta a lulluɓe. Mata suka sauko suna duba kati suna duba fili. Wata daga cikin 'yan Kano ta ɗaga zanin gado ta leƙa, ta tambaya ko dandalin yana ta baya ne.

Maimuna tana tsaye a ƙofar gidanta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Alhaji Haruna, wanda ya rako su don ya ga wurin da idonsa, ya tako a hankali, yana tsallake gyaɗa, ya tsaya gaban mijin ƙanwarsa.

"Ina benen?"

"Yaya, hassada ce. Maƙwabta ne suka mamaye mini wuri. Amma yanzu za ka ga aiki da takarda."

Ya karɓi lasifikar hannu daga wurin mai sanarwar biki, ya kira Malama Halima Sadiya da cikakken sunanta, ya ce ta fito da takardar haya ta karanta a gaban jama'a, kowa ya ji wanda yake da fili.

Ta fito da fayil a hammata, da igiyar awo, da kwanon toka. Ta tambaye shi a hankali ko ya tabbata a nan yake so a karanta. Ya ce da ƙarfi ma.

Ta karanta gaban takardar: an ba Sharfaddeen hayar filin tsakiya shekara biyar. Ya juya yana kallon jama'a, yana gyaɗa kai. Sannan ta juya bayanta.

Hanne, tamfol shida a gefen gabas, daga fara kaka har a gama. Ta ba Musbahu bakin igiya ya riƙe, ta auna, ta zuba toka ta ja layi. Musbahu, hanya mai faɗin taku huɗu daga get zuwa ƙofarsa, da wurin juyawa. Ta ja layi. Fatsuma, igiya uku da taku biyu a kowane gefe don kada kaya su taɓa mutane. Kadijatu, tanki da hanyar masu ɗiba, komai tsawon layi. Malam Da'u, darbejiya da duk inda inuwarta ta taɓa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wannan ya ɗau lokaci, domin sai da Malam Da'u ya tashi ya nuna inda take kaiwa da safe da inda take kaiwa da la'asar, kuma bishiyar ba ƙarama ba ce.

Matan Ajingi suka manta da biki, suka bi Malama a baya suna taya ta ƙirga taku.

Da aka zo kan ajami, Malama ta miƙa wa Sharfaddeen, tunda ya ce ya wuce wurin. Ya ce idonsa ne yake ɗan yi masa yaji. Gwaggo Hure ta karɓa ta karanta da kanta, tana jan kowace kalma: turke biyar, kowane da iyakar inda igiyar akuya ta kai, wurin tara harawa, akurkin kaji, da kuma duk 'ya'yan da awakin za su haifa a cikin shekara biyar, kowanne da turkensa.

"Uku suna da ciki," in ji ta, ta miƙa takardar.

Tokar ta ƙare, aka ƙaro. Da Malama ta gama, filin ya zama kamar allon ɗalibi, layi a kan layi. Ta tsaya can kusurwar yamma, bayan gida na biyar, ta auna wani ɗan wuri da babu sharaɗin kowa a kansa. Ta auna shi sau biyu.

"Taku huɗu da taku uku. Wannan naka ne, Manaja, babu mai taɓa maka."

Wata tsohuwa daga Ajingi ta ce ai ko amaryar ce kaɗai sai ta tanƙwashe ƙafa.

Sharfaddeen bai ko yi jim ba. Ya ɗauki kujera ɗaya, ya ratsa gyaɗa, ya sunkuya ta ƙarƙashin zannuwa, ya dasa ta a tsakiyar wurinsa, ya hau kai da lasifika. Ya ce jama'a su shaida, manyan wurare duka da kaɗan suke farawa. Ya ce a Abuja ƙasa ba ta da muhimmanci, sama ake nema. A kan wannan taku huɗun zai tayar da bene hawa bakwai, kowane hawa da bikinsa.

Musbahu ya ce, "Manaja, da ka sauko, wurin nan..."

"Ba a katse ni in ina jawabi."

Ya buga ƙafa don ya nuna inda harsashi zai zauna. Abin da Musbahu yake son faɗa shi ne, dalilin da ya sa babu wanda ya roƙi wannan kusurwar, murfin ramin da ruwan wanke-wanken gida takwas yake taruwa ne, kuma simintin ya girmi auren Musbahu. Aka ji ƙas, sannan aka ji ɓurum. Kujera ta tafi, Manaja ya bi ta, babbar riga ta buɗe a sama kamar lema ta sauka a hankali.

Ramin bai wuce ƙirji ba. Lasifikar tana hannunsa a sama, ba ta jiƙe ba, kuma a kunne take, don haka har masu shago a bakin titi sun ji lokacin da ya ce dama yana da niyyar duba zurfin wurin.

Mai kiɗan ƙwarya ɗaya ta faɗi zaune don dariya. 'Yan Kano suka ɗaga wayoyi. Gwaggo Hure ta kwance igiyar bunsurunta ta ba 'yan garuwa, mutum huɗu suka ja, Manaja ya fito baƙi ƙirin daga ƙirji zuwa ƙasa, da ɓawon albasa a aljihu, takalmi ɗaya ya zauna a ciki. Ya ratso fili ya tsaya yana ɗiga, Hanne ta ce ya ɗan matsa, yana jiƙa mata gyaɗa. Ya matsa, Fatsuma ta ce ba nan ba, zannuwan mutane ne. Malama Halima Sadiya ta duba fayil ta ce akwai layi ɗaya da ya rage a gaban takardar, duk abin da ya lalace a wurin mai haya, gyaransa a kansa yake.

Alhaji Haruna ya dube shi tun daga hula har ƙafar da babu takalmi. Ya juya ya ce wa direbobi su tayar da mota, ko a ƙofar gidansa ne a yi kamun.

Sai Gwaggo Hure ta ce a dakata. Ta taka har inda Maimuna take tsaye, ta janye mata mayafin daga fuska.

"Maimuna, ɗiyarki ba za ta koma Ajingi a lulluɓe ba. Na ara miki wurin awakina zuwa magariba. Ke na ara wa, ki ji da kyau."

Hanne ta ce ita ma Maimuna ta ara wa, ta fara tattara tamfol, matan Ajingi suka kama mata, da yake duk sun san gyaɗa. Fatsuma ta kwashe shanya. Musbahu ya tura kekensa waje. 'Yan garuwa suka ajiye kura suka shigo da kujeru, aka kafa rumfuna cikin rabin awa. Malam Da'u ya naɗe tabarmarsa ya ce ya ba amarya inuwar gaba ɗaya. Sharfaddeen ya ɗaga lasifika zai fara nuna inda za a sa kujerun manyan baƙi, mai sanarwa ya zare ta daga hannunsa, Maimuna ta miƙo masa bokiti da sabulu ta ƙofar baya.

An yi kamun Khaula daga ƙarfe huɗu zuwa kiran magariba, kujera ɗari biyu da tamanin duk da mutum a kai, an zaunar da amarya a kan zanen taya da kofato. Ranar Litinin Sharfaddeen ya sayi siminti buhu biyu aka sake murfin ramin. Hayarsa ta taku huɗu da taku uku tana da sauran shekara huɗu da wata goma sha ɗaya. A watan Disamba awakin Gwaggo Hure suka haifi biyar, aka kafa musu turaku.